Iskar asuba ta kayar da sheƙar kurciya a gidanmu, me zan ba 'ya'yan?

Maman Sadiƙ (Zariya): Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawara cikin gaggawa. Iskar da aka yi da asuba kafin ruwa ya sauko ta kayar da sheƙar kurciya daga kan darbejiyar tsakar gidanmu. Sadiƙ ya dawo daga masallaci ya tarar da 'ya'yan guda biyu a ƙasa, sun jiƙe sharkaf, har tururuwa ta fara bin ɗaya. Ba su da gashin kirki, sai wani ɗan gashi rawaya-rawaya kamar zare, amma babban cikinsu, tsinkayen fiffike sun fara fito masa. Na sa su a kwalin taliya na shimfiɗa tsumma. Har na dama madarar gari zan ba su da cokalin shayi, sai na ce bari in tambaya tukuna. Yaron nan ya ƙi karyawa, yana nan tsugune gaban kwalin.

Likita Binta: Wa alaikumus salam. Maman Sadiƙ, ajiye madarar nan, kar ko ɗigo ya shiga bakinsu. Cikin tsuntsu ba ya narkar da madarar shanu, zawo za ta sa su, kuma ɗan tsuntsu ba shi da ruwan jikin da zai jure zawo. Ruwa ma kar ki ɗura musu. Ƙofar numfashinsu tana nan a gindin harshe, a buɗe, abu kaɗan ne zai bi ta nan ya shiga huhu. Yawancin waɗanda ake kawo mana a galabaice ɗurar ruwa ce ta kai su ga haka, ba yunwa ba.

Abin da suke buƙata yanzu ɗumi ne. Zafin jikin tsuntsu yana kai digiri 40 zuwa 42, kuma wanda bai yi gashi ba jikin iyayensa ne bargonsa. Ki zuba ruwan ɗumi a robar ruwa, ki taɓa a kumatunki, idan kina iya jurewa to ya yi. Ki zura robar cikin safa ki ajiye a gefe ɗaya na kwalin, su jingina da ita. Ki kakkaɓe tururuwar da hannu, ki tsane su da tsumma a hankali, ki rufe kwalin ki huda ƙofofin iska, ki kai shi ɗakin da babu hayaniya. Wanda jikinsa ya yi sanyi ko an ba shi abinci ba zai narke ba, tsami zai yi a cikinsa.

Maman Sadiƙ (Zariya): To Likita, na ɗora ruwan. Na gode.

Baba Alhaji: Allah ya ba da lada 'yata. Amma fa tunda hannun mutum ya taɓa su, shi ke nan, uwar ba za ta ƙara kusantarsu ba. Tana jin warin ɗan Adam za ta gudu. Haka muka taso muka ji. Sai dai ki daure ki raine su da kanki.

Ɗan Tantabara (Fagge): Baba, a gafarce ni, ina da ja a nan. Shekarata 17 ina kiwon tantabara. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, na ɗauki ɗan shila da hannuna daga gidan da uwar ta mutu na sa shi ƙarƙashin wata mai ɗa sa'ansa, ta karɓa ta ciyar da shi har ya tashi. Ƙwai ma muna musanyawa. Da wari ke korarsu, da babu mai kiwon da zai yi haka. Kurciya kuwa 'yar uwar tantabara ce, halinsu ɗaya. Abin da ke korar uwa shi ne mutane su yi cincirindo a gindin bishiya suna leƙe.

Baba Alhaji: To ai ku ne a cikin sana'ar. Ni dai abin da iyayenmu suka faɗa mana ke nan.

Yakubu (Jos): Baba, ina jin iyayenmu sun faɗa ne don su hana yara taɓa sheƙa, kuma dabarar ta yi aiki. Amma maganar Ɗan Tantabara ita ce daidai. Maman Sadiƙ, tambaya ɗaya: kin ɗaga kai kin duba bishiyar? Iyayen suna nan?

Maman Sadiƙ (Zariya): Wallahi ban ma yi tunanin haka ba. Bari in leƙa.

Akwai guda ɗaya a kan wayar lantarki daidai katangarmu, tana ta juya kai. Sadiƙ ya ce tun ɗazu take wurin.

Yakubu (Jos): Alhamdulillahi. To 'ya'yan nan ba marayu ba ne, gidansu ne ya rushe. Sheƙar kurciya dama 'yan tsinkaye ne ta jera a reshe, har kana hango ƙwan daga ƙasa, shi ya sa duk farkon damina sai an yi irin wannan. Ƙwai biyu take yi, ta kwanta kusan mako biyu, 'ya'yan kuma su yi kusan mako biyu kafin su bar sheƙa. Yadda kika kwatanta su, sun kai kwana shida ko bakwai. Saura musu kamar mako guda ke nan.

Idan sun yi ɗumi sun fara ɗaga kai, ki sami ƙoƙo ko ƙaramin kwando marar zurfi. Idan ƙoƙo ne a huhhuda gindinsa don kada ruwan sama ya taru. A tattara tsinkayen tsohuwar sheƙar a shimfiɗa a ciki da busasshiyar ciyawa. Kar a sa auduga ko tsumma mai zare, yana naɗe ƙafa, kuma idan ya jiƙe ba ya bushewa. A ɗaure shi da waya a reshen da sheƙar take, ko mafi kusa da shi, inda ganye ke yin inuwa. Daga nan kowa ya shige ɗaki, a riƙa leƙe ta taga. A ba su awa biyu zuwa uku.

Auwalu: Ni fa abin nan yana ba ni mamaki. Mutane na kwana da yunwa, kwanon masara ya gagari talaka, mu kuma muna nan tun safe a kan ɗan kurciya. Wanda ya halicce shi ya san yadda zai yi da shi. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. A mayar da su gindin bishiya a bar wa Allah ikonsa.

Malam Habibu (Gusau): Auwalu, damuwarka da halin talaka gaskiya ce, kuma Allah ya yaye mana. Amma tausayin tsuntsu bai rage komai daga tausayin mutum ba. Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa suna cikin tafiya tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai suka ga wata tsuntsuwa da 'ya'yanta biyu, suka ɗauke 'ya'yan. Ta zo tana shawagi tana baza fuka-fukai. Da Annabi ya dawo ya gani sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali a kan 'ya'yanta, ya ce a mayar mata da su. Ka lura, umarnin mayarwa aka yi, wanda shi ne Yakubu yake faɗa yanzu. Sannan ka san hadisin mutumin da ya shayar da kare aka gafarta masa, inda aka ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk abu mai rai. Barin su a ƙasa tururuwa na ci, alhali ƙoƙo da waya kawai ake buƙata, ban ga tawakkali a ciki ba.

Auwalu: Malam, ban musa hadisi ba. Ina magana ne a kan abin da ya fi muhimmanci.

Maman Sadiƙ (Zariya): Auwalu, ni ban cire kuɗin cefane na kashe musu ba. Robar ruwa ce da tsohuwar safa. Kuma yaron nan shekararsa 9, bara har danƙo ya saya yana bin tsuntsaye a unguwa. Yau shi ne ke kakkaɓe musu tururuwa da hannunsa. Ba zan ce masa ya je ya zubar ba.

Auwalu: Shi ke nan Hajiya, Allah ya raya su. Na yi shiru.

Hadiza (Maraɗi): Mu nan abin da mun saba gani ɗiyan shamuwa ne. Shamuwa na zuwa da farkon damana, ta yi sheƙa bisa manyan itatuwan cikin gari, kuma ba mai taɓa ta, don zuwanta albishir ne na ruwa. In ɗanta ya faɗo, kakata ba ta bari a shigo da shi gida. Samari take kira, a sa shi cikin buhu, mai iya hawan icce ya hau ya maida. Na tuna wani da ya faɗo ya karye fiffike, shi kam an riƙe shi bayan rumbu, yara na kamo mishi fara da kwaɗi. Ya rayu, amma da 'yan uwanshi suka tashi ƙarshen damana suka yi kudu, shi kaɗai aka bari yana tsaye bisa rumbu yana kallon sama. Bai kai rani ba.

Ɗan Tantabara (Fagge): Allah sarki. Hajiya, ko da iyayen ba su sauko ba, ga yadda ake yi. Kar ki jira kurciya ta wangale baki kamar sauran 'ya'yan tsuntsaye, ba ta yi. Ita baki take zurawa cikin bakin uwar ko uban ta sha. A kwanakin farko wani abu fari mai kauri kamar kindirmo suke amayo mata daga jakar da ke ƙasan wuyansu, uwa da uba duk suna yinsa, daga baya su fara haɗawa da ƙwaya. Mu abin da muke yi, mu tauna gero ko dawa ya yi laushi, mu sa bakin ɗan shila a bakinmu ya sha. Haka na raini da yawa.

Likita Binta: Ɗan Tantabara, bayaninka a kan yadda suke ci daidai ne ƙwarai, amma maganar baki da baki ban yarda ba, kuma ina roƙon kai ma ka daina. Akwai cutar da tantabara da kurciya da aku ke ɗauke da ita ba tare da sun nuna alama ba, ta kama mutum da zazzaɓi da ciwon huhu. Ga murar tsuntsaye. Karon farko da aka tabbatar da nau'in H5N1 a Afirka ai a nan ne, a wata gonar kaji a jihar Kaduna, watan Fabrairun 2006, kuma ta sake ɓulla a Kano a 2015. Wanda ya ga yadda aka riƙa binne kaji a lokacin ba zai sa bakin tsuntsun daji a bakinsa ba. Shi ma tsuntsun, yawun mutum ba alheri ba ne gare shi.

Ɗan Tantabara (Fagge): Likita, shekara 17 ko atishawa ban taɓa yi ba saboda wannan.

Likita Binta: Allah ya ci gaba da tsarewa. Amma a nan uwa ce da yara ƙanana a gida, ba zan ba ta shawarar da na san akwai haɗari a cikinta ba. Ga hanyar da ta fi sauƙi ma. A sayi sirinji babba a kemis, a yar da allurar, a yanke kan gaba ɗaya ya zama bututu. A jiƙa abincin 'yan tsaki da ruwan zafi, a dama ya yi kaurin kunu, a bar shi ya huce zuwa ɗumin jiki. In babu, garin gero da ɗan gwaiduwar dafaffen ƙwai ya wadatar na kwana ɗaya ko biyu. A cika sirinjin, a rufe bakin da robar balan-balan a ɗaure, a yi 'yar tsaga a tsakiya. Ana zura bakinsa a tsagar zai fara sha da kansa, yana kaɗa fiffike, don ji yake kamar bakin uwarsa ne. A riƙa cirewa yana numfashi. A taɓa jakar wuyan, idan ta yi taushi kamar balan-balan da ba a cika hurawa ba, a tsaya. Kar a ƙara sai ta sace, wajen awa uku zuwa huɗu. A goge masa baki da hanci, a wanke hannu da sabulu, kuma kwalin kar ya kusanci akurkin kaji.

Ɗan Tantabara (Fagge): Wannan ta balan-balan ɗin ban santa ba. Zan gwada a kan nawa in gani.

Sabi'u (Funtuwa): Likita, tunda ana maganar, ni ma akwai abin da ya daɗe yana damuna. Shekara biyu da suka wuce ana gyaran rufin wata makaranta a unguwarmu, masu aiki suka ɓaro 'ya'yan mujiya daga cikin silin. Kafin in iso yara sun kashe biyu da jifa, wasu manya na tsaye suna cewa a kashe, mugun tsuntsu ne. Na karɓe na ukun na kai shagona. Fari fat, kamar dunƙulen auduga, yana huci idan ka matso. Kullum sai na sayo masa tsoka wajen mahauta, yana ci sosai. Bayan mako uku ƙafafunsa suka lanƙwashe, ya koma tafiya da gwiwa, ƙarshe ya mutu. Har yau ban san laifin da na yi ba.

Likita Binta: Sabi'u, Allah ya ba ka ladan niyyarka. Tsoka zalla ce ta jawo. Mujiya ɓera take haɗiyewa ɗungurungum, da gashi da ƙashi, kuma daga ƙashin nan ɗanta ke samun sinadarin da ke gina nasa ƙashin. Tsoka ba ta da shi, sai jiki ya yi ta girma ƙashi na laushi. Haka yake ga ɗan shaho da ɗan shirwa. Irin waɗannan ba na riƙewa a gida ba ne, a nemi asibitin dabbobi mafi kusa tun ranar farko. Kuma da an sa shi a kwali an maƙala kusa da inda suke shiga silin, da dare iyayen za su ji kukansa su kawo masa abinci.

Malam Habibu (Gusau): Manyan da suka tsaya suna zuga yara su ne abin tausayi. Camfin mujiya tun jahiliyya yake, kuma hadisin da ke cikin Buhari da Muslim ya kore shi da sunansa. Ga shi kuma ita ce mai rage mana ɓeraye a rumbu.

Yakubu (Jos): Bari in ƙara wani abu don masu karantawa a baya, domin na Maman Sadiƙ daban ne da wanda aka fi samu. Akasarin 'ya'yan tsuntsun da ake tsinta a ƙasa ba faɗowa suka yi ba. Idan ka ga ya yi gashi ya rufe jiki, wutsiyarsa gajera, yana tsalle-tsalle, yana iya kama yatsanka da ƙafa, to wannan ya bar sheƙa ne da kansa, yana koyon tashi. Kwana biyu ko uku zai yi a ƙasa da ƙananan rassa, iyayen suna ciyar da shi a haka. Ka ɗauke shi ka kai ɗaki, ka raba ɗa da iyayensa ke nan, garin neman gira a rasa ido. Iyakarka ka ɗaga shi daga hanya ko daga gaban kaji, ka ɗora a reshe, ka kulle mage.

Kuma mutum ya san nauyin da zai ɗauka. Ƙananan tsuntsayen nan masu wangale baki, kamar marai da baiwar Allah, ana ciyar da jaririnsu kusan duk minti 20 zuwa 30 daga fitowar rana har faɗuwarta. Da yawansu ko da hatsi suke ci in sun girma, da ƙwari iyayen ke rainonsu, gara da tsutsa da ƙananan fara. Tsattsewa kuwa ƙwari zalla, ka ba ta gero ka kashe ta. Wa ke da wannan lokacin? Ko ya rayu a hannunka, ya saba da mutum, ranar da ka sake shi kafaɗar yaro mai danƙo zai je ya sauka.

Wanda bai gane irin tsuntsun da ya tsinta ba ya turo hoto nan. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a dajin Amurum kusa da Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos, wadda aka kafa a 2001. Ɗalibanta suna warwatse a jihohi da yawa, ni kaina a wajensu na koyi ɗan abin da na sani.

Likita Binta: Abu ɗaya ya saura. Wanda aka ƙwato daga bakin mage kar a mayar da shi bishiya, ko da ba a ga jini ba. Haƙorin mage siriri ne, yana huda fata ya bar ƙwayar cuta, tsuntsun ya yi kamar lafiya lau, kwana ɗaya ko biyu a wayi gari ya mutu. Wannan sai magani daga likita a ranar. Idan kuma manyan tsuntsaye kuka gani suna mutuwa da yawa wuri guda, kar kowa ya taɓa, a sanar da ofishin kula da lafiyar dabbobi, su ke aika samfur cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a gwada.

Maman Sadiƙ (Zariya): Jama'a, ƙaramin ya mutu kafin azahar. Shi ne wanda tururuwa ta bi, tun safe bai ɗaga kai ba. Sadiƙ ya yi kuka, ya haƙa rami bayan ɗakin girki ya rufe shi. Babban kuwa ya warware, har yana 'yar ƙara yana tura bakinsa tsakanin yatsuna. Ƙanin maigidan ya hau tsani ya ɗaure ƙoƙon kamar yadda Yakubu ya ce. Mun shige ɗaki mun saki labule. Yanzu awa ɗaya da rabi, tana kan waya ba ta sauko ba. In sauko da shi in ba shi abincin?

Yakubu (Jos): A'a, ƙara mata lokaci. Ƙoƙon baƙon abu ne a idonta. Rana na dukansa?

Maman Sadiƙ (Zariya): A'a, yana cikin inuwa.

Ɗan Tantabara (Fagge): Ki bar shi ya ji yunwa kaɗan Hajiya, kukansa ne zai sauko da ita. In an kira magariba ba ta zo ba, a sauko da shi ya kwana a ɗumi a ba shi na sirinji, gobe da sassafe a sake mayarwa.

Maman Sadiƙ (Zariya): Ta sauka! Bayan la'asar kaɗan. Ta fara sauka a reshen sama, ta yi ta tafiya gefe-gefe, ta tashi ta dawo har sau uku, sannan ta taka bakin ƙoƙon. Yana ganinta ya miƙe yana kaɗa fiffike, ya zura baki cikin nata, tana ta sunkuyar da kai tana ɗagawa. Ɗayar ma ta zo yanzu. Sadiƙ ya toshe bakinsa da hannu don kar ya yi ihu.

Baba Alhaji: Ikon Allah. To na ga abin da ban taɓa gani ba. Yakubu da Ɗan Tantabara, kun yi gaskiya.

Hadiza (Maraɗi): Alhamdulillahi. A gaida Sadiƙ.

Maman Sadiƙ (Zariya): Salam jama'a, yau kwana takwas. Da safe mun tarar ƙoƙon babu kowa, sai ga shi a ƙasa bayan randa, ya yi gashi tsaf, yana tashi kaɗan ya sauka. Sadiƙ na so a sake mayar da shi sama. Magen maƙwabta kuma tana shigowa ta kan katanga.

Yakubu (Jos): Ko kun mayar zai sake dirowa, lokacinsa ne ya yi. Ku ɗora shi a ƙaramin reshe da yamma don ya kwana a sama, ku roƙi maƙwabta su tsare magen kwana uku. Iyayen na zuwa wajensa?

Maman Sadiƙ (Zariya): Suna zuwa, ɗazu ma ɗaya ta ciyar da shi a gindin randar. Bari in aika Sadiƙ gidan maƙwabtan.